Ka Sayi Mota, Aibi Ya Ɓulla: Wa Za Ka Kama?

Ina gaishe ku duk inda kuke, na Maraɗi da na Katsina, na Ƙonni da na Illela, na Magarya da na Ɓaɓura, har da direbobin da ke bisa hanya yanzu haka suna jin mu. Allah ya kai kowa lafiya.

Maganarmu ta yau ta taso ne daga saƙon wani bawan Allah mai sauraronmu daga yankin Madarunfa. Ya roƙa kada a faɗi sunansa, kuma ba za a faɗa ba. Mutumin nan ya sayar da shanunsa biyu na noma, ya haɗa da kuɗin gyaɗarsa, mai ɗakinsa ta ba shi kwasar adashenta, ya tsallaka Katsina ya sayo ƙaramar mota ta hannu don ya riƙa ɗaukar fasinja tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa. Kun san tun da naira ta faɗi, mai sefa a aljihu in ya shiga kasuwar can sai ya ga kamar kome araha ne. Dillali ya kai shi, aka tada mota, inji na kaɗawa lafiya lau, fenti na ƙyalli, aka zaga da shi cikin unguwa na minti biyar, ciniki ya faɗa.

Kwana tara da saye, da rana tsaka, cike da fasinja, allurar zafi ta haura, tururi ya turnuƙe bonet. Makanike ya buɗe, ya tarar kan injin ya riga ya tsage tun da can, an liƙe shi, an zuba wa lagireto maganin toshe yoyo, an cika injin da baƙin mai mai kauri don ya rufe ƙara. Mutumin ya ci bashi ya gyara, ya ci gaba da aiki wata guda don ya rage bashin, sannan ya koma Katsina neman hakkinsa. Mai mota ya ce shi bai san shi ba, da dillali ya yi ciniki. Dillali ya ce, "Ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, motar hannu ce, kuma ka buɗe ta a wurin wani." Takardar da ke hannunsa rasiɗi ne na layi biyu, ba lambar shasi, ba sunan mai mota, ba shaida. Tambayarsa gare mu ita ce: shin ina da hakki, ko na haƙura?

To, malam, amsar ita ce kana da hakki. Shari'ar Musulunci ta ba ka, dokar Nijar ta ba ka, dokar Najeriya ma ba ta bar ka haka ba. Amma hakkin nan yana da saurin mutuwa, kuma galibi mai saye ne ke kashe shi da hannunsa ba tare da ya sani ba. Abin da nake so ka riƙe daga shirin yau ke nan, kai da ke tara kuɗin mota: hujjar da za ka tsaya da ita gobe gaban alƙali ko sarkin dillalai, yau ake haɗa ta, tun kuɗi suna aljihunka.

Bari mu fara da inda motocin nan ke fitowa. Wadda a nan muke kira okaziyo, a can su ce tokumbo ko Beljiyam ko 'yar Kwatano, yawancinta ta gama aiki ne a Turai ko Amurka kafin a loda ta a jirgin ruwa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020, ta ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu kimanin miliyan 14, kuma Afirka ce ta ɗauki kaso mafi girma. A cikinsu akwai masu lafiya, babu shakka. Akwai kuma waɗanda kamfanin inshora ya riga ya yanke musu hukunci cewa gyaransu ya fi kuɗinsu, aka yi gwanjonsu. Wasu haɗari suka yi, wasu ruwa ya ci, kamar dubban motocin da ambaliyar guguwar Katrina ta 2005 da ta Harvey ta 2017 suka nutsar a Amurka. Irin waɗannan sai a gyara fuska, a wanke kujeru, a fesa turare, su bi hannu huɗu ko biyar kafin su iso gare ka. Wanda ya sayar maka ma wani lokacin bai san rabin tarihinta ba. Wani lokacin kuma ya sani sarai.

Sai batun iyaka, wanda ya shafe mu fiye da kowa. Tun 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ta rufe iyakokin gaba ɗaya. Bayan Yulin 2023 kuma hanyar Kwatano ta Malanbil da Gaya ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Duk sa'ad da hanya ta ƙara tsawo ko ta koma ta daji, farashi na hawa, takardun bogi na yawaita. Don haka aibin mota ba a inji kaɗai yake ɓuya ba. Motar da ba a biya mata kuɗin kwastan ba, ko wadda lambar shasinta ta saɓa da ta takarda, duwan za su iya karɓe ta daga hannunka a kan hanya ko da injinta sabo ne fil.

Yanzu ga abin da shari'a ta ce. Mu nan galibi mazhabar Malikiyya muke bi, kuma wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid ya san babin ciniki ya haramta algus da ɓoye aibi. Hukuncin a taƙaice shi ne: in ka sayi abu, ka tarar da tsohon aibi wanda ba a nuna maka ba, kuma irin wanda ke rage daraja, kana da zaɓi, ko ka mayar ka karɓi kuɗinka, ko ka riƙe a haka. In kuma wani sabon aibi ya same shi a hannunka kafin ka gano tsohon, to za ka iya riƙewa a biya ka bambancin tsohon aibin, ko ka mayar ka biya diyyar sabon. Sai dai malamai sun yi gargaɗi: wanda ya ga aibi, sannan ya ci gaba da amfani da abin ba tare da larura ba, an ɗauka ya yarda. Misalinsu na da shi ne wanda ya ga aibin dabba ya ci gaba da hawanta. Sun yi wa matafiyi uzuri, don ba zai sauka a tsakiyar daji ba. Kai ma in mota ta lalace maka a hanyar Dakwaro, ba wanda zai ce laifi ne don ka lallaɓa ta zuwa gari. Amma wata guda kana lodin fasinja bayan ka ga tsagar, wannan kam za a ce maka ka yarda.

A Nijar, dokar mu'amala da muka gada daga Faransa, wato Code civil, ta yi magana a kan ɓoyayyen aibi daga aya ta 1641 zuwa gaba. Mai sayarwa ne ke da alhakin aibin da ke ɓoye, in ya hana abin yin aikin da aka saye shi dominsa. Aibin da ke fili, wanda ido zai iya gani, wannan naka ne, ba ka da ƙara a kansa. Doka ta ba ka zaɓi biyu, ka mayar a ba ka kuɗinka, ko ka riƙe a rage maka wani abu. In aka tabbatar mai sayarwa ya san da aibin ya yi shiru, sai ya biya har da asarar da ya jawo maka. Amma aya ta 1648 ta ce a kai ƙara cikin ɗan gajeren lokaci. Ka ga ita ma ba ta son jan ƙafa.

A Najeriya, tsohuwar dokar ciniki ta Ingila ta 1893, da dokokin jihohi da suka biyo sawunta, sun fi jingina nauyi a kan mai saye, wato ka buɗe idonka kafin ka biya. Duk da haka, in ka saya a wurin wanda sana'arsa ke nan, ko ya siffanta maka motar da abin da ba haka take ba, kana da abin kamawa. Akwai kuma dokar kare hakkin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC mai karɓar koke a kan 'yan kasuwa. A jihohi irin su Katsina, Kano, Sakkwato, Zamfara da Jigawa kotunan shari'ar Musulunci suna sauraron irin wannan rikici tsakanin Musulmi.

Kun ji dai, hanyoyi uku ne amma tambayoyinsu iri ɗaya. Wa ya sayar maka? Me ya ce maka game da motar? Aibin tsoho ne ko a hannunka ya faru? Da ka gani, me ka yi, kuma yaushe? Mutuminmu na Madarunfa bai iya amsa ko ɗaya da hujja ba.

To yaya za ka yi kai? Mu ɗauko daga ranar duba mota. Ka je da makanikenka, wanda kai za ka biya, kuma kada ya zama abokin dillali. Ka ce da safe za ka zo, kuma kada a tada ta kafin ka iso. Ka ɗora hannu a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga an tada ta, ka ce sai gobe. Inji mai sanyi ba ya ƙarya: ƙarar da za ta fito, da hayaƙin da zai fito, a minti na farko suke fitowa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alamar tana shan baƙin mai. Fari mai kauri wanda ba ya yankewa alamar ruwa na shiga inji. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madara ko kunu a jikinsa, ruwa da mai sun haɗu. Ka buɗe lagireto tun tana sanyi, ka duba ko akwai maiƙo ko wani gari-gari a ciki.

Ka murɗa makulli ba tare da ka tada ba, ka dubi fitilun gaban direba. Dole fitilar inji da ta jakar iska su kama, sannan su mutu bayan an tada. In ba su kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don kada su tona asiri. Motocin Amurka tun daga 1996, da na Turai masu fetur tun daga 2001, suna da wurin da ake jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Ka biya a jona. Mai na'urar da ya san aikinsa zai gaya maka har in an goge bayanan matsala kwanan nan.

Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe, ka duba ko akwai tabon laka. Ka ɗaga kafet, ka leƙa ƙarƙashin kujeru da ramin safaya taya. Tsatsa ko busasshen taɓo a waɗannan wurare alamar motar ta sha ruwa, kuma motar da ruwa ya ci, wayoyinta ba sa daina ba da wahala. Ka zo da ɗan maganaɗisu ka bi jikin bodi. Inda ya ƙi kamawa alhali ƙarfe ne, an cike wurin da foti. Kada ka yarda da lambar tafiyar da ke kan allo, ana mayar da ita baya. Ka dubi cin da feda da sitiyari da kujerar direba suka yi. In motar Amurka ce, da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, saboda haka 150,000 a allonta kilomita 240,000 ke nan.

Zagayen unguwa ba gwaji ba ne. Ka hau kwalta, ka yi aƙalla rabin awa, ka kunna na'urar sanyi, ka bar ta ta shiga kowace giya, sannan ka tsaya ka bar inji na aiki, ka zuba wa allurar zafi ido. Da mutuminmu ya yi haka da tsakar rana, da tun a Katsina tururin ya tashi. Man da za ka ƙona a gwajin, kai ka saya, kada ka ji ƙyashi. In mai mota ya ƙi yarda a yi wannan gwaji, ka yi masa sallama. Ba a cinikin biri a sama.

Sai lambar shasi. Tun 1981 lambar nan harafi da lamba 17 ce, kuma babu I, babu O, babu Q a cikinta. Tana ƙasan gilashin gaba, tana jikin ƙofar direba, galibi an buga ta a jikin ƙarfen motar ma. Ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da ta takardar kwastan da ta katin mota. In daga Amurka ta zo, ka sa yaro mai waya ya bincika lambar a intanet. Sau da yawa hotunan ranar da aka yi gwanjonta suna nan, za ka ga gaban da ya ragargaje kafin a gyara.

Yanzu ga babban abin, wato takardar ciniki. Na san halinmu, mutum na jin nauyin ya ce a rubuta, kada a ce bai yarda da ɗan'uwansa ba. To ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ba rashin kunya ba ne. A rubuta sunan mai motar na ainihi da lambar katin shaidarsa da inda yake zaune, kuma ka gan shi ido da ido. A rubuta sunan dillali daban, da la'adar da ya karɓa. A rubuta lambar shasi, da farashi, da irin kuɗin, naira ko sefa. Sannan a rubuta abin da aka gaya maka da baki: ba a taɓa buɗe inji ba, ba ta yi haɗari ba, kwastan cikakke ne. In ya ce gaskiya ne amma ba zai sa hannu ba, to ka ji amsarka. Ka nemi sharaɗin gwaji na kwana uku ko bakwai, a rubuta cewa in inji ko giya suka nuna tsohon aibi cikin kwanakin, ciniki ya warware. Ka riƙe wani kaso na kuɗin, ko a ajiye shi hannun amintacce har kwanakin su cika. Shaidu biyu su sa hannu, kuma in a tsallaken iyaka ne, ka tabbata ɗaya mutumin garin ne wanda ake jin maganarsa a kasuwar. In da hali ka biya ta banki, don takardar banki shaida ce da ba ta mantuwa.

In kuma za a rubuta maka cewa an sayar "yadda ka gan ta", ka san me kake sa wa hannu. Wannan kalma tana raunana ƙararka ƙwarai. Amma ku masu sayarwa ku ji da kyau, ba ta wanke wanda ya san aibi ya ɓoye, a shari'a ko a dokar Nijar.

To, an riga an saya, aibi ya ɓulla. Abu na farko, ka ajiye motar. Kada ka bari a kwance ko ƙusa ɗaya. Ka ɗauki hoto da bidiyo, ka kira mai motar da dillali a ranar, ka kuma tura musu saƙon murya ko rubutu don ya zama akwai kwanan wata. Ka ce su zo, ko su turo makanikensu, a buɗe a gaban kowa. In sun ƙi zuwa, a Nijar akwai ma'aikacin shari'a da ake kira huissier, aikinsa ne ya zo ya gani ya rubuta abin da ya gani, kuma kotu na karɓar takardarsa. Ka ajiye duk ƙarfen da aka cire. Tsohon liƙi da tsohuwar walda suna da kamanni, makanike mai gaskiya zai bambance su da sabuwar ɓarna.

Daga nan sai ka bi matakai. Ka fara da shugabannin 'yan kasuwar motar inda aka yi cinikin, don dillali ya fi tsoron a hana shi zama a kasuwa fiye da sammaci. In ba a daidaita ba, a Nijar sarakunan gargajiya suna da ikon sasanci, kuma ana rubuta abin da aka amince. In ta ƙi, sai kotu. Ka sani fa, galibi inda wanda kake ƙara yake zaune, ko inda aka yi ciniki, can za ka bi shi. Ka saya a Katsina, Katsina za ka koma, da kuɗin mota da na masauki da na lauya. Ka yi lissafi kafin ka fara, kada kuɗin bin hakki ya fi hakkin. Ofishin 'yan sanda kuma ba wurin karɓar bashi ba ne. Dokar 'yan sandan Najeriya ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Amma in takardun bogi ne, ko an sauya lambar shasi, ko motar sata ce, wannan laifi ne, kai tsaye ka kai rahoto, kuma kada ka yi yunƙurin sayar wa wani don ka fita. Nan ne wanda aka zalunta ke komawa azzalumi, ya liƙe abin da aka liƙe masa ya tura wa na gaba.

Ku kuma 'yan'uwana dillalai da masu sayarwa, na san da yawanku masu amana ne, kuma da ku kasuwa ke tafiya. Faɗin aibi yana rage farashi, gaskiya ne. Amma wanda ka gaya wa gaskiya yau, shi zai kawo maka ƙanensa baɗi. Motar da ka ɓoye wa matsalar burki kuwa, ba ka san wa za ta ɗauka ba, wataƙila 'yarka ce za ta tsayar da ita a bakin hanya.

Mun sake tuntuɓar mai saƙon namu kafin mu shigo. Ya ce wani dattijo ɗan garinsu da ke zaune a Katsina ya raka shi wurin shugaban 'yan kasuwar. Aka zauna sau biyu. A ƙarshe dillali ya mayar da la'adarsa, mai mota ya ba da abin da bai kai rabin kuɗin gyara ba, aka ce a yafi juna. Ya karɓa, don ba shi da takardar da zai wuce nan da ita. Har yanzu yana biyan bashi, damina kuma ta same shi ba shanun huɗa. Ya ce in gaya muku, da ya san haka, da ranar da tururin ya tashi ya kulle motar ya kira su.

Wanda ke da irin wannan labari, ko makanike ko dillali da ke ganin mun bar wani abu, ƙofa a buɗe take, ku aiko mana za mu karanta. Allah ya ba mu halal, ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.